Adana Zane da Juya Shi zuwa Wasu Sigogi: Makomar Haruffa Masu Ƙugiya a Kayan Yaƙi da Jahilci na Agye, Gazawa da Gidan Rumji

Littafin koyon karatu na manya, da babbar takardar bango da ake ratayewa a ajin yaƙi da jahilci, da taswirar da mai nazarin kare-karen harshe yake kafa hujja da ita, dukansu a kan kwamfuta ake zana su a wannan zamani. Mai zanen yana iya kasancewa a Yamai, mai ɗab'i a Maraɗi, shi kuwa malamin da zai koyar da abin yana wani ƙauye na gundumar Agye ko ta Gazawa ko ta Gidan Rumji. Kafin zane ya fita daga hannun farko ya isa hannun ƙarshe yakan sauya siga sau uku ko huɗu, kuma babu sauyawar da ba ta zubar da wani abu. Abin da ya fi saurin zubewa kuwa shi ne ƙugiyar haruffan nan huɗu, watau ɓ da ɗ da ƙ da ƴ. Wannan maƙala za ta bayyana inda asarar take aukuwa da dalilinta, da kuma abin da ya kamata mai tsara aiki ya karɓa daga hannun mai zane tun kafin a sallame shi. Batun ya daɗa nauyi tun daga watan Maris na 2025, sa'ad da kundin sake gina ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa a Nijar, domin takardun da za a riƙa shiryawa da Hausa ba raguwa za su yi ba.

Zanen layi da hoton ɗigo

Hanya biyu kwamfuta take bi wajen riƙe zane. Ta farko tana kama da saƙar tabarma. Mai saƙa da kaba yana iya fitar da siffar da'ira a kan tabarmarsa, amma wanda ya matso kusa zai ga da'irar ba ta da santsi, ƴan matakai ne ƙanana aka jera. Haka hoton ɗigo yake: an raba fili gida-gida, kowane gida da launinsa, kuma yawan gidajen ƙayyadadde ne tun ranar da aka yi hoton. Sigogin JPEG da PNG da TIFF duk na wannan dangi ne.

Hanya ta biyu kuwa tana kama da yadda magini yake shata gindin rumbu. Ba ya ajiye hoton da'ira. Abin da yake riƙewa a kansa shi ne inda za a kafa turke da kuma tsawon igiya. In an so ƙaramin rumbu a rage igiya, in an so babba a ƙara, da'irar kuwa tana nan da kyanta. Zanen layi ke nan: fayil ɗin ba ya ɗauke da hoto, umarni yake ɗauke da shi, cewa a tashi daga wuri kaza, a lanƙwasa haka, a tsaya wuri kaza, a cike ciki da launi kaza. Lissafin da ake lanƙwasa layin da shi ya fito ne daga masana'antar motoci ta Faransa, inda Paul de Casteljau na kamfanin Citroën ya tsara shi a 1959, Pierre Bézier na kamfanin Renault kuma ya yaɗa shi a shekarun 1960, har aka laƙaba wa lanƙwasar sunansa. Kamfanin Adobe ya gina harshen ɗab'i na PostScript a kan wannan lissafi a 1984, daga nan sigar PDF ta fito a 1993. Ita kuwa sigar SVG, wadda ba mallakar wani kamfani ba ce, ƙungiyar W3C ta amince da ita a 2001.

Amfanin wannan bambanci ga mai tsara yaƙi da jahilci a fili yake. Hoton akuya guda ɗaya ake so ya fito ƙarami a shafin littafi, ya kuma fito babba a takardar bango da mutum talatin za su hanga daga inda suke zaune. A ɗab'i mai kyau ana neman ɗigo 300 a kowane inci, watau milimita 25.4. Hoto mai faɗin ɗigo 1,000 ke nan ba ya wuce santimita takwas da rabi in ana son ya fito tsaf. In aka miƙa shi ya cika faɗin takardar A1, mai milimita 594, sai ya koma ɗigo 43 kacal a inci, akuyar ta zama tabo-tabo. Zanen layi ba shi da wannan iyaka.

Wani abu da ya kamata a riƙe shi ne cewa juyawar hanya ɗaya take bi. Mayar da zanen layi ya zama hoton ɗigo aikin daƙiƙa guda ne. Dawo da shi kuwa ba ya yiwuwa sai dai a sake shata shi. Akwai manhajojin da suke bin gefen hoto su fitar da layi da kansu, kamar Potrace da ke cikin Inkscape, kuma suna da amfani wajen ceto tsofaffin zane-zanen alƙalami na littattafan da aka buga tun zamanin sitansil. Amma abin da suke fitarwa kwaikwayo ne, kuma ba sa mayar da hoton rubutu ya koma rubutu. Har wa yau, sunan siga ba shaida ba ne. Ana iya ɗaukar hoton JPEG a saka shi cikin PDF, sunan fayil ya sauya, abin da ke ciki kuwa yana nan ɗigo-ɗigo. Gwajin ba shi da wuya: a faɗaɗa shafin ninki takwas ko goma a kan allon kwamfuta, in gefen harafi ya tsaya sumul to layi ne, in ya zama matakai to ɗigo ne.

Inda ƙugiya take ɓacewa

Ga wanda ya daɗe da iya karatu, rashin ƙugiya ƙaramin abu ne, domin ma'anar jimla tana gaya masa ko baki ake nufi ko baƙi, ko kafa ko ƙafa, ko kasa ko ƙasa. Sabon mai koyo ba shi da wannan gata. Harafi-harafi yake bi, kuma darasin da aka gina musamman don ya rarrabe k da ƙ ya rushe ke nan in duka biyun suka fito da kama ɗaya. A taswirar Tsibiri, inda Sarkin Gobir yake zaune, ƙugiya ɗaya ce tsakanin fada da faɗa.

Matsalar ta girmi kwamfuta. A zamanin keken rubutu, wanda mafi yawa ba shi da waɗannan haruffa, magatakarda kan buga b ko d ko k, daga baya a bi da alƙalami a ɗora ƙugiya ɗaya bayan ɗaya, wadda aka manta kuma ta tafi ke nan. Da kwamfuta ta shigo, sai aka yi dabarar ƙera zubin haruffa na musamman, aka cire wata alama da Hausa ba ta buƙata aka zana ɗ ko ƙ a gurbinta. A ido abin ya yi daidai, amma a cikin fayil lambar tsohuwar alamar ce take kwance. Duk ranar da aka buɗe takardar a wata kwamfuta da ba ta da wannan zubi, sai tsohuwar alamar ta dawo. Aikin DiLAF, wanda Chantal Enguehard da Mathieu Mangeot suka gudanar tare da masana na Nijar don mayar da ƙamusoshin Hausa da Kanuri da Tamajak da Zarma zuwa sigar zamani, sai da ya fara da warware irin wannan ƙulli kafin a kai ga ainihin aikin ƙamus.

Maganin tushe shi ne ma'aunin Unicode, wanda ya fito a 1991, ya ba kowane harafi lamba tasa ta dindindin. Lambar ɓ ita ce U+0253, ta ɗ U+0257, ta ƙ U+0199, ta ƴ kuma U+01B4. Wanda ya dubi lambobin nan zai lura ba a jere suke ba. Ƙananan ɓ da ɗ suna cikin rukunin alamomin ilmin furuci, ƙ da ƴ da dukan manyan haruffan huɗu kuwa suna cikin wani rukuni dabam na ƙarin haruffan Latin. Sakamakon haka ana samun zubin da yake da ƙ amma ba shi da ɗ, ko yake da babban Ɗ ba shi da ƙaramin. Wannan shi ne asalin abin da ake yawan gani a takardun bango, inda kalma take tafiya da siraran haruffa sai a tsakiyarta a ci karo da wata ɗ mai kauri da ba ƴar gidan ba. Manhaja ce ta nemi harafin a zubin da aka zaɓa ba ta samu ba, ta aro daga wani. Wata manhajar ba ta ma aro, ɗan akwati take sawa ko ta bar gurbi.

To, yaya wannan ya shafi adana zane? Rubutun da ke cikin zanen layi yana iya kasancewa a ɗayan hali biyu. Ko dai rubutu ne rayayye, watau jerin lambobin haruffa tare da sunan zubin da za a nuna su da shi, ko kuwa an narkar da shi ya zama zane, kowane harafi ya koma lanƙwasassun layuka kamar hoton akuyar da ke gefensa. Kowane hali da ribarsa da hasararsa, kuma a nan ne mafi yawan kuskure yake faruwa.

Rubutu rayayye ana iya gyara shi, a nemi kalma a cikinsa, a kwafe shi zuwa ƙamus ko rumbun kalmomi. Amma sigar SVG, da sigogin manhajojin kasuwa irin su CDR na CorelDRAW da AI na Illustrator, a bisa al'ada dogaro suke yi da zubin da ke kan kwamfutar da aka buɗe su. In maɗaba'a ba ta da zubin, za a maye shi da wani, ƙugiya ta shiga haɗari, tsawon layuka ya sauya, sunan gari ya hau kan hanya. Narkakken rubutu kuwa babu abin da zai taɓa kamarsa ko ina aka kai shi, shi ya sa masu ɗab'i suke son sa. Sai dai ya daina zama rubutu. Kwamfuta ba ta san akwai kalmar ƙasa a wurin ba, layuka kawai take gani.

Wanda ya san tarihin ƙa'idojin rubutun Hausa a Nijar ba zai raina wannan hasara ba. Bayan taron Bamako na 1966, wanda UNESCO ta kira, an yi shekaru ana ninka dogon wasali a rubutun yaƙi da jahilci na wannan ƙasa. Taron Yamai na 1980 ya kusanto da rubutun Nijar da na Nijeriya, aka bar ninkawar. A watan Oktoba na 1999 kuma ƙudurin ma'aikatar ilmi mai lamba 0212 ya tsayar da ƙa'idar rubutun Hausa. Ke nan cikin shekara talatin da ƴan kai an taɓa ƙa'idar fiye da sau ɗaya. Har yanzu ma akwai saura bambanci: abin da Nijar take rubutawa ƴ, Nijeriya 'y take rubuta shi. Gundumar Gazawa tana iyaka da jihar Katsina, kuma ba abin mamaki ba ne a so ɗaukar takardar wayar da kai da aka shirya a can a daidaita ta da ƙa'idar nan. In rubutun rayayye ne, umarni ɗaya ya isa a sauya kowace 'y ta koma ƴ. In narkakke ne, sai an sake buga kowane layi da hannu, tare da sababbin kurakuran da sake bugawa take haifarwa.

Sigar PDF ta buɗe hanya ta uku, domin tana iya ɗauke da zubin haruffa a cikin cikinta, rubutu ya zauna rayayye kuma kamarsa ba ta sauya ba. Wannan ita ce hanya mafi dacewa ga littafi. Amma tana da sharaɗi biyu. Na farko, lasisin zubin ya yarda a saka shi cikin fayil, domin akwai na kasuwa da suka hana. Zubin da ƙungiyar SIL ta ƙera, irin su Charis da Doulos da Gentium da Andika, kyauta ne, lasisinsu ya yarda, kuma suna da haruffan huɗu manya da ƙanana. Andika ma don sababbin masu karatu aka yi shi, an ware haruffan da suke rikitar da ido, an kuma yi a da g da siffar da ta fi kusa da rubutun hannu. Sharaɗi na biyu, rubutun ya kasance na Unicode tun asali. PDF da aka yi da tsohon zubin dabara yana fita da kyau a takarda, amma in aka kwafi layi ɗaya daga cikinsa aka zuba a wani wuri sai asiri ya tonu. Wannan kwafi da zubawa shi ne gwajin da ya kamata a yi wa kowane fayil kafin a karɓe shi, kuma bai fi aikin minti ɗaya ba.

Masu bincike suna da ƙarin damuwa a kan ta masu koyarwa. Wanda yake nuna karin sauti da tsawon wasali tare yakan ɗora alama biyu a kan wasali ɗaya, ita kuwa r̃ da ake rarrabe ra-gare da ita ba ta da lamba guda, harafi ne da alama aka haɗa. Wasu manhajojin zane ba su iya zaunar da irin waɗannan alamomi daidai ba, sai su goce gefe a lokacin juyawa. Haka kuma ajami, wanda yake tafiya daga dama zuwa hagu kuma haruffansa suke sarƙe da juna: manhajar da ba ta san wannan ba takan wargaza kalma ta jera haruffan a ware, wani lokaci ma a juye. Akwai zubin Alkalami na SIL da aka ƙera bisa salon rubutun allo na Kano da Nijar, da kuma Harmattan, amma samun zubi ba ya wadatarwa in manhajar ba ta iya sarƙawa ba. A waɗannan wurare biyu narkar da rubutu a kwafin da za a kai maɗaba'a shi ne mafi aminci, muddin an bar rayayyen a gida. Ba Hausa kaɗai abin ya shafa ba, gama Fulatanci, wanda ake ji a rugage da kasuwannin waɗannan gundumomi, yana amfani da ɓ da ɗ da ƴ, ga kuma ŋ a kai.

Taswira

Taswira ta fi kowane zane nuna amfanin ajiye uwar aiki, domin ƙasa ba ta motsi amma iyakokin mulki suna motsi. Kafin 2011 Gazawa tana cikin gundumar Agye. A wannan shekara aka ɗaga ta ta zama gunduma mai zaman kanta, ta tafi da ƙananan hukumomin Gazawa da Gangara, Agye ta saura da Agye da Cadawa. Duk taswirar cibiyoyin koyon karatu da aka zana kafin nan ta tsufa rana ɗaya. Wanda ya ajiye tasa a zanen layi, da iyakoki a falle ɗaya, hanyoyi a wani, Gulbin Kaba da Gulbin Maraɗi a wani, sunayen garuruwa a nasu, layi ɗaya kawai zai ƙara. Wanda hoto kaɗai ya rage masa kuwa sai sabon zane.

Raba zane falle-falle yana da wani amfani da ya shafi harshe kai tsaye. Taswirorin hukuma da rubutun Faransanci suke ɗauke da sunaye: Aguié, Gazaoua, Guidan Roumdji, Tibiri, Dan Saga, Maradi. Mai koyon karatu da Hausa kuwa Agye da Gazawa da Gidan Rumji da Tsibiri da Ɗan Saga da Maraɗi ya kamata ya gani, domin sunan garinsu yana cikin kalmomin farko da yake marmarin karantawa. In kowane rubutu yana fallensa, taswira ɗaya ta isa a fitar da kwafi biyu. Haka mai nazarin da yake bin babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 daga Gidan Rumji, ƙasar Gobirawa, zuwa Agye da Gazawa, ɓangaren Katsinawa, yana lura da inda ake cewa tafi da inda ake cewa tahi, ko fari da hwari, zai iya ba kowace siffa fallenta a kan gindin taswira ɗaya. Abin lura shi ne cewa ba kowace juyawa take kiyaye waɗannan fallaye ba. Sau da yawa in aka fitar da PDF aka sake buɗe shi a manhajar zane, sai a tarar an haɗe su wuri ɗaya, jimloli kuma an datse su gunduwa-gunduwa. PDF na karantawa ne da bugawa, ba wurin ci gaba da aiki ba ne.

Bayanan da ake gina taswira da su a manhaja irin QGIS su ma na layi ne, kuma suna da nasu tarko. Tsohuwar sigar Shapefile, wadda kamfanin Esri ya fitar a farkon shekarun 1990 kuma har yau ake musayar bayanai da ita, ba fayil ɗaya ba ce, tarin fayiloli ne da tilas su yi tafiya tare. Sunayen garuruwa suna cikin wanda ya ƙare da dbf, bayanin tsarin lambobin da aka rubuta su da shi kuma yana cikin wani ɗan ƙarami mai ƙarewa da cpg. In wannan ƙaramin ya ɓace a hanya, manhaja takan yi zato, kuma zaton nata yakan faɗa kan tsarin Yammacin Turai. Nan take Maraɗi ta koma MaraÉ—i, ƙasa ta koma Æ™asa. Mummunan gani ne amma ba a yi asara ba tukuna, gama lambobin suna nan, gaya wa manhaja ta karanta da UTF-8 ya isa. Asara ta gaske tana zuwa ne in aka adana bayanan a tsarin da ba shi da haruffan sam, kowace ƙugiya ta koma alamar tambaya, a rasa wadda ta kasance ɗ da wadda ta kasance ƙ. Abin takaicin shi ne é ta Aguié takan tsira a irin wannan hali, saboda don harsunan Turai aka yi tsarin, ma'aikacin da Faransanci kaɗai yake dubawa kuma ba zai ga an yi ɓarna ba. Sigar GeoPackage, wadda aka tsayar a 2014, fayil ɗaya ce kuma tana riƙe haruffan Unicode ba tare da wannan rikici ba, saboda haka ita ta fi cancanta.

Sai batun ma'auni. Taswirar da aka rubuta mata 1:200,000, watau santimita ɗaya a madadin kilomita biyu, gaskiya take faɗa muddin an buga ta a girman da aka zana ta. In aka rage ta daga A3 zuwa A4 don ta shiga rahoto, ma'auninta ya koma wajen 1:283,000 alhali rubutun bai sauya ba. Ko manhaja ma tana iya jawo wannan. A 2017 Inkscape ta sauya lissafinta daga ɗigo 90 a inci zuwa 96, tsohon zanen da aka buɗe ba tare da daidaitawa ba sai layin santimita 10 ya koma 9.4. Sandar ma'auni da aka zana a jikin taswira ba ta da wannan aibi, tare suke ƙanƙancewa da faɗaɗa.

Kwafin maɗaba'a da kwafin waya

Abin da za a miƙa wa mai ɗab'i PDF ne mai ɗauke da zubinsa, ko mai narkakken rubutu in zane ne na bango. Allon kwamfuta da haske uku yake haɗa launi, injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu, saboda haka lalle a tabbata baƙin rubutu da baƙar tawada kaɗai za a buga shi. In aka bar shi ya zama gaurayen tawada huɗu, ƴar gocewa kaɗan a inji ta isa ta cike cikin ƙugiya. Tun da yake kayan ajin ƙauye sau da yawa a injin kwafi suke ƙarewa, baƙi da fari, gara a rarrabe yankunan taswira da zane-zanen layi da ɗige-ɗige maimakon launi, a kuma guji layin da ya yi siriri ƙwarai. Tsohuwar sigar EPS ta yi zamaninta, tun 2017 manhajojin ofis na Microsoft suka daina karɓarta, ba a kuma bukatarta sai in wata maɗaba'a ta nace.

Kwafin da za a aika wa malamai da masu duba azuzuwa ta waya kuwa hoton ɗigo ne ya fi sauƙin buɗewa. A nan PNG ta fi JPEG, domin JPEG don hoton kyamara aka yi ta, tana rage nauyi ta hanyar dusashe gefuna masu kaifi, kuma ƙugiya gefe ce mai kaifi ƙarama. WhatsApp yana matse duk abin da aka aika a matsayin hoto, amma ba ya taɓa abin da aka aika a matsayin takarda. Hoton da ya bi ta waya biyu ko uku bai kamata ya koma maɗaba'a ba ko da wasa, ko da yake hakan na faruwa duk sa'ad da aka nemi uwar aka rasa.

Abin da ya kamata cibiya ta riƙe

Rasa uwar zane ba safai yake zuwa daga lalacewar inji ba. Yawanci aikin wani shiri ne mai wa'adi, aka ɗauki mai zane, ya miƙa PDF, aka buga, shirin ya ƙare, uwar ta tafi da kwamfutarsa. Bayan shekara biyar a so sake bugu da gyara a tarar babu abin gyarawa. Ko an same ta ma, in tana sigar wata manhajar kasuwa, sabon fayil ba ya buɗuwa a tsohuwar manhaja, wata manhajar kuma sai da kuɗin haya na wata-wata.

Saboda haka ya kamata yarjejeniyar da ake yi da mai zane ta ambaci abin da zai miƙa dalla-dalla. Uwar zane a sigar manhajar da ya yi aiki da ita, da fallayenta da rubutunta rayayye. Kwafin uwar a SVG, wadda a haƙiƙa rubutu ce zalla da ake iya buɗewa a karanta ko bayan manhajar da ta haife ta ta shuɗe. Fayilolin zubin haruffan da aka yi amfani da su. Matanin kansa a fayil dabam na UTF-8, ba ado ba hoto, domin shi ne zai shiga rumbun kalmomin masu bincike. Sa'an nan kwafin ajiya a PDF/A, sigar da hukumar ma'auni ta duniya ta tsayar a 2005 don takardun da ake so su daɗe, wadda ta wajabta saka zubi a cikin fayil. Narkar da rubutu kuwa a kan kwafi ake yin sa, a ba kwafin suna dabam, domin wanda ya narkar a kan uwar ya adana ya rufe manhaja ba shi da hanyar komawa. Sunayen fayilolin su kansu gara a rubuta su ba ƙugiya, tare da shekara da wata da rana, gama har yanzu akwai injunan ɗab'i da manhajojin matse fayil da suke tuntuɓe a kan suna mai ɗ ko ƙ. A nan kaɗai ne barin ƙugiya yake da uzuri.